Yadda Ake Jawo Masu Rubuta Kod Su Fito Fili a Zaurukan Masu Ƙera Wasannin Kwamfuta

Duk wanda ya daɗe a zauren intanet na masu ƙera wasannin kwamfuta, ko a Discord yake ko a Telegram ko a itch.io, shafin da masu ƙera wasanni ke ɗora wasanninsu, zai lura cewa masu zane ne ke cika wurin da hotuna, masu kiɗa na ɗora sautukansu ana yabawa, amma masu rubuta kod, waɗanda aikinsu ne ke sa ɗan wasan ya yi tsalle idan an danna maɓalli, galibi sun yi tsit. Ba a jin ɗuriyarsu sai ranar da wasan ya tsaya cak ko ya rufe kansa, a nan ne ake fara cigiyar wanda ya rubuta shi. Lamarin ya yi kama da na babbar riga, inda kowa ke yaba aikin wuya da aska takwas, amma ba mai tambayar wanda ya haɗa ƙyallayen har rigar ta zauna a jiki.

Matsalar ta girmi intanet ɗin da muka sani. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Atari na Amurka ba ya sanya sunayen masu rubuta wasanninsa a ko'ina, abin da ya sa Warren Robinett ya ɓoye sunansa a wani ɗakin sirri cikin wasan Adventure, kuma wasu ma'aikata huɗu, David Crane da Larry Kaplan da Alan Miller da Bob Whitehead, suka bar kamfanin aka kafa sabon kamfanin Activision da su a 1979, inda aka riƙa buga sunan mai wasa har da hotonsa a takardar da ke rakiyar kaset. Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne tsarin wuri ne ke ɓoye mutum ko ya fito da shi. Saboda haka mai kula da zaure da ya tsaya ga roƙon “don Allah masu kod ku riƙa magana” zai yi ta roƙo har ya gaji. Abin da ke aiki shi ne a sauya abin da ake nunawa, da yadda ake tambaya, da yadda ake suka, da yadda ake rubuta suna. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin wanda ke riƙe da ragamar irin wannan zaure, babba ne ko ƙarami.

Mataki na farko: ka ƙidaya kafin ka taɓa komai

Ka zauna ka karanta abin da aka ɗora a zauren cikin wata guda da ya wuce, da takarda da biro a gefenka. Ka raba saƙonnin gida huɗu: na zane, na sauti, na kod, da na hira kawai. Na kod ɗin ka sake raba su biyu, wato tambayoyin neman taimako a gefe guda, nunin aikin da aka yi a ɗaya gefen. Sau da yawa za ka tarar kusan duk maganar kod da ake yi kuka ne na wanda ya maƙale, ba a cika samun wanda ya zo ya ce ga abin da na gina ba. Ka kuma rubuta yawan tambayoyin da suka kwana ba amsa, da sunayen waɗanda suka fi amsawa, domin waɗannan mutane biyu ko uku su ne jarin da za ka fara da shi.

Kada yawan masu shiru ya tayar maka da hankali. Masanin amfani da shafukan intanet Jakob Nielsen ya bayyana a 2006 cewa a yawancin zauruka kimanin kashi 90 cikin ɗari na mutane karatu kawai suke yi, kashi 9 na sa baki jefi-jefi, kashi 1 ne ke samar da mafi yawan abin da ake karantawa. Ƙiyasi ne, kuma yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, amma ya isa ya nuna maka cewa burinka shi ne masu jefi-jefin nan su ƙara fitowa, ba wai kowa da kowa ya zama mai surutu ba.

Mataki na biyu: ka ware musu rana da wuri, amma kada ka killace su

Shekaru da dama ke nan masu ƙera wasanni na da al'adar ɗora hotunan aikinsu duk ranar Asabar a ƙarƙashin alamar #screenshotsaturday. Al'ada ce mai kyau, sai dai hoto take nema, kuma wanda ya kwashe mako yana gyara yadda wasa ke adana ci gaban ɗan wasa ba shi da hoton da zai nuna. Ka zaɓi wata rana dabam, a ce Laraba, ka mayar da ita ranar nuna aikin kod, ka kuma buɗe ta da kanka kowane mako da tambaya guda mai sauƙin amsawa, kamar “Wace matsala ce ta fi ba ka wahala a makon nan, kuma yaya ka yi da ita?”

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a buɗe sashen kod a can ƙasan jerin sassa, a tura masu kod ciki, shi ke nan a manta da su. Sashen yana da amfani domin doguwar muhawara, amma duk mako ka ɗauko abu guda mafi kyau daga cikinsa ka kai shi babban sashen sanarwa, da sunan mai shi, da jimla biyu da ke bayyana wa mai zane da mai kiɗa dalilin da ya sa abin ya shafe su. Akwai kuma wani abin lura game da Discord da Telegram da WhatsApp: galibin abin da aka rubuta a cikinsu ba ya fitowa a binciken Google, kuma bayan 'yan makonni ya nutse a ƙarƙashin sababbin saƙonni. Idan wani ya ba da amsa mai gamsarwa, ka nemi izininsa ka kwafe ta zuwa buɗaɗɗen shafi, kamar ma'ajiyar zauren a GitHub, shafin da masu kod ke ajiye kod ɗinsu su yi aiki tare, ko shafin rahoton aiki na itch.io, da sunansa a sama. Ta haka amsar da ya ɓata awa guda yana rubutawa za ta zama abin da zai iya nuna wa mai ɗaukar aiki bayan shekara biyu.

Mataki na uku: ka koya musu yadda ake nuna aikin da ido ba ya gani

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci a ganina, kuma shi aka fi tsallakewa. Mai rubuta kod idan aka ce ya nuna aikinsa, abin da ya fi zuwa masa a rai shi ne ya ɗauki hoton layukan kod hamsin ya ɗora. Ba mai karanta wannan a waya, har 'yan'uwansa masu kod. Abin da ya kamata ya nuna shi ne bambancin da kod ɗin ya kawo, kuma akwai hanyoyi uku da suka fi saurin kama hankali.

Ta farko ita ce gajeren bidiyon kafin gyara da bayan gyara, wanda bai wuce daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar ba. Manhajar ɗaukar bidiyon allo ta OBS Studio kyauta ce kuma ta isa wannan aiki. Ta biyu ita ce kunna zanen bincike da injinan wasa, wato manhajojin da ake gina wasanni da su, ke da shi. A injin Godot, alal misali, akwai zaɓi a jerin kayan gano kurakurai da ke bayyana siffofin karo, wato akwatuna da da'irorin da wasa ke amfani da su wajen sanin ko abu ya taɓa abu, akwai kuma wanda ke nuna filin da halittun wasan ke iya bi. Da zarar an kunna su, mai kallo zai ga layin da maƙiyi ke bi yana zagaye katanga, ya ga inda takobi ya taɓa da inda ya kuskure, sai tunanin da ke cikin kod ɗin ya zama abin kallo. Ta uku ita ce alƙaluma. Wasan da ke nuna hotuna 60 a daƙiƙa yana da abin da bai kai milisakan 17 ba (milisakan dubu ne daƙiƙa guda) domin ya gama duk lissafin kowane hoto, don haka wanda ya rage wani lissafi daga milisakan 12 zuwa 3 ya yi babban aiki, kuma kowa zai gane idan aka faɗa masa haka.

Ga misalin yadda saƙo mai kyau zai kasance. A ce wani yana gina wasan da maƙiya 200 ke yawo a fili guda, kuma wasan na sarƙewa duk lokacin da suka taru. Sai ya rubuta cewa da farko kowane maƙiyi na duba duk sauran domin sanin ko sun yi karo, wanda ke nufin gwaji 19,900 a kowane hoto idan an gwada kowane maƙiya biyu sau ɗaya. Sai ya raba filin zuwa ƙananan murabba'ai, ya sa kowane maƙiyi ya duba waɗanda ke murabba'insa da na maƙwabta kawai. Ya haɗa da bidiyo biyu, na farko wasan na tafiya da ƙyar, na biyu yana gudu sumul da layukan murabba'an a bayyane. A ƙarshe ya sa layuka goma na kod da suka fi muhimmanci, da mahaɗin da zai kai mai son ƙari zuwa ga sauran, ya kuma rufe da tambayar abin da bai warware ba tukuna, kamar yadda zai yi da maƙiyin da ya fi murabba'i guda girma. Wannan tsari, wato matsala, da abin da aka gwada, da sakamako, da abin da ya rage, shi ne za ka rubuta ka liƙa a saman sashen domin kowa ya bi.

Ka kawo musu misalan waɗanda suka yi fice a wannan fanni domin su ga cewa abin na da masu karatu. Maddy Thorson, wadda ta jagoranci ƙera wasan Celeste da ya fito a 2018, ta yi bayani a 2020 kan ƙananan dabarun da ke sa wasan ya yi daɗin sarrafawa: ɗan wasa na iya tsalle ko da ya ɗan wuce bakin dutse da ƙiftawar ido, idan ya danna maɓallin tsalle gab da ya sauka wasan na riƙe umarnin ya aiwatar da shi da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa, idan kuma kansa ya bugi kusurwa kaɗan sai a ɗan gusar da shi gefe ya wuce. Duk wannan aikin kod ne da mai wasa ke ji a yatsunsa ba tare da ya san da shi ba, kuma bayanin ya yaɗu ƙwarai saboda kowace dabara ta zo da ɗan gajeren hoto mai motsi. Masu wasan Factorio, kamfanin Wube da ke birnin Prag, sun shafe shekaru suna fitar da rahoto duk Juma'a, inda masu kod ɗinsu ke bayyana yadda suka sa wasan ya ɗauki dubban injuna ba tare da ya yi nauyi ba. Shi kuwa Amit Patel, a shafinsa na Red Blob Games, yana bayyana lissafin nemo hanya da zanen da mai karatu ke ja da hannunsa ya ga yadda sakamakon ke sauyawa.

Mataki na huɗu: ka gayyaci mutum da sunansa

Sanarwar da aka yi wa kowa, kowa na ɗauka da wani ake. Ka koma ga sunayen da ka rubuta a mataki na farko, ka aika wa mutum saƙo shi kaɗai, ka ambaci takamaiman abin da ka gani a wurinsa. Maimakon ka ce masa ya riƙa ba da gudummawa, ka ce, “Malam, na ga yadda ka warware wa wani matsalar adana wasa a Android a makon jiya. Ko za ka yarda ka faɗaɗa bayanin kaɗan mu sa shi a ranar Laraba? Idan rubutun zai ɗauke maka lokaci, ka turo mini a yadda yake, ni zan gyara tsarinsa.” Tayin gyara rubutu na da tasiri fiye da yadda ake zato, domin da yawa daga masu kod ba ilimin ne ya gaza musu ba, zaman tsara jimloli ne ke musu nauyi, musamman idan da harshen da ba nasu ba ake magana a zauren.

Idan mutum ya ce a'a, ka karɓa ba tare da naci ba. Wasu na aiki ne a ƙarƙashin yarjejeniyar sirri da kamfani, ba su da ikon nuna kod, wasu kuma shirun ne zaɓinsu.

Mataki na biyar: ka kafa dokar suka tun kafin a fara nuna kod

Babban abin da ke hana mai kod fitowa shi ne tsoron a yi masa dariya. Tsoron kuwa yana da tushe. A watan Janairun 2020, lokacin da wasan VVVVVV ya cika shekara goma, mai shi Terry Cavanagh ya saki kod ɗinsa ga kowa, nan take mutane suka yi ta yaɗa hoton wani dogon jerin sharuɗɗa da ke cikinsa suna mamakin yadda aka rubuta shi haka, alhali wasan ya riga ya yi nasara kuma mutane da yawa sun buga shi sun ji daɗi. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa ka ba mutanenka labari: masu sa kai sun shiga kod ɗin suka yi ta gyara, har aka fitar da sabon zubin wasan a 2021 ɗauke da aikinsu. Idan wanda ya riga ya yi suna ya sha irin wannan tsokaci, sai ka auna yadda ɗalibin da ya fara Godot wata uku da suka wuce zai ji. Shafin Stack Overflow ma, wanda aka buɗe a 2008 ya kuma zama babbar matattarar tambayoyin masu kod, ya fito fili a 2018 ya amsa cewa sababbin shiga ba sa jin ana maraba da su, ya kuma sabunta ƙa'idojin ɗa'arsa.

Dokokin da za ka kafa ba sai sun yi yawa ba. Wanda ya ɗora kod shi zai faɗi irin ra'ayin da yake so, ko nuni kawai yake yi, ko yana neman a duba saurin aiki, ko yana so a tsefe komai. Wanda bai nemi bita ba, ba a yi masa. Mai suka ya nuna layin da yake magana a kai, ya faɗi abin da zai iya lalacewa saboda shi, ya kuma kawo mafita. A hana amsar “me ya sa ba ka yi amfani da wani injin ba”, domin muhawarar Unity da Godot da Unreal ba ta ƙarewa, kuma ta ƙara zafi tun bayan da Unity ya sanar a Satumban 2023 cewa zai riƙa cajin kuɗi kan kowace saukewa, matakin da ya soke bayan shekara guda. Cibiyar Recurse Center ta masu kod da ke New York na da wata doka da ta cancanci aro, wato kada ka nuna mamaki don wani bai san abu ba. Kalmar “kai, ashe ba ka san wannan ba?” ta kori mutane daga zauruka fiye da zagi na fili, saboda zagi ana share shi a hukunta mai yinsa, ita kuwa takan wuce a matsayin raha. Ranar da aka fara karya dokar, ko da babban gwanin zauren ne ya karya, ka yi magana a bainar jama'a cikin ladabi, domin masu shiru na kallo su ga ko da gaske kake.

Mataki na shida: kada tambaya ta kwana ba amsa

Ka raba kwanakin mako tsakanin mutum uku ko huɗu da suka yarda su riƙa leƙa sashen tambayoyi. Ba dole ne mai leƙawa ya san amsa ba, ya isa ya ce ya gani, ya nemi ƙarin bayani, ko ya kira wanda ya san fannin. Ka kuma liƙa abin da ake so mai tambaya ya kawo: sunan injin da lambar zubinsa, na'urar da yake gwaji a kai, ainihin saƙon kuskuren a rubuce maimakon hoton allo da aka ɗauka da waya, da ƙaramin aikin gwaji da aka cire masa komai sai abin da ke jawo matsalar. Masu kula da Godot na neman irin wannan ƙaramin aiki ga mai kawo rahoton kuskure, kuma sau da yawa wajen haɗa shi ne mutum ke gano matsalarsa da kansa. Idan an warware, a roƙi mai tambayar ya dawo ya faɗi abin da ya yi aiki da sunan wanda ya taimaka masa.

Mataki na bakwai: ka samar da aikin haɗin gwiwa mai ƙananan ƙofofi

Masu kod da yawa sun fi sakin jiki da aiki a kan hira, don haka ka ba su aikin. Ka buɗe ma'ajiya a GitHub da sunan zauren, ka sa ƙaramin wasa a ciki, irin wanda za a iya fahimtar kod ɗinsa a zama guda, ka kuma zaɓi lasisi tun ranar farko. Lasisin MIT, wanda a ƙarƙashinsa Juan Linietsky da Ariel Manzur na Ajantina suka saki Godot a 2014, gajere ne kuma yana barin kowa ya yi amfani da kod ɗin muddin ya bar sanarwar masu shi. Sannan ka rubuta ƙananan ayyuka goma ko sha biyar, kowanne da bayanin fayil ɗin da za a taɓa da yadda za a gane an gama, kamar ƙara maɓallin dakatar da wasa, ko sa wasan ya tuna ƙarfin sautin da aka zaɓa. Ka liƙa musu alamar good first issue, wato aikin da ya dace da sabon shiga, wadda GitHub ya san da ita kuma sababbin shiga ke nema. Ka roƙi ƙwararru su kau da kai daga waɗannan ayyuka, domin abin da gwani zai gama cikin minti goma shi ne ƙofar shigar wani.

Idan baƙo ya turo gyaransa na farko, ka amsa cikin kwana biyu ko uku, ko da amsar ita ce an gani za a duba. Gyaran farko da aka bari ya yi wata guda ba a kula ba, da wuya mai shi ya turo na biyu.

Mataki na takwas: ka shirya gasa da ke auna aikin kod

Gasar gina wasa cikin ɗan ƙayyadadden lokaci ita ce ta fi komai haɗa masu wannan sana'a. Ludum Dare ta fara a 2002, Global Game Jam ta biyo baya a 2009, kuma itch.io na ba kowa damar shirya tasa kyauta. Amma ka dubi ma'aunan da ake ba da maki a Ludum Dare: akwai na daɗin wasa, da sabon tunani, da bin jigo, da zane, da sauti, da ban dariya, da yanayi, da na jimilla. Mai zane na da ma'auninsa, mai kiɗa na da nasa, mai kod ba shi da wanda ya keɓanta da shi, duk da cewa a rukunin mutum ɗaya na awa 48 wajibi ne a saki kod ɗin wasan. Da yake itch.io na barin mai shirya gasa ya rubuta ma'aunansa da kansa, ka ƙara guda biyu, ɗaya na daɗin sarrafawa, ɗaya na dabarar da aka yi amfani da ita, ka kuma nemi kowace ƙungiya ta rubuta sakin layi guda kan matsalar kod mafi wuya da ta ci karo da ita. Ba tare da wannan sakin layi ba, masu ba da maki za su koma ga abin da idonsu ya gani.

Wata hanyar ita ce a sa iyakar da sai da dabarar kod ake tsallake ta. Gasar js13kGames, wadda Andrzej Mazur na ƙasar Polan ya fara a 2012, na gudana daga 13 ga Agusta zuwa 13 ga Satumba, kuma dokarta ita ce duk wasan, da zanensa da sautinsa, kada ya wuce kilobayit 13 bayan an matse shi. A irin wannan gasa hotuna da kiɗa ma da lissafi ake samar da su, don haka mai kod ne a gaba. Tsarin ya kuma dace da wuraren da data ke da tsada, domin wasan da ke buɗewa a burauzar waya cikin daƙiƙa guda ya fi samun masu gwadawa a kan wanda sai an sauke megabayit 300. Idan mafi yawan mutanenka na zaune ne inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kamar Kano ko Maraɗi, ka ba gasar mako guda ko kwana goma maimakon awa 48, domin ɗaukewar wuta ta yini guda kan cinye rabin gajeriyar gasa.

A nan ne kuma ya kamata ka sa ido kan sanarwar neman abokan aiki. Kowane zaure na da mai zuwa ya ce yana da babban tunanin wasa, yana neman mai kod da zai gina masa kyauta, za a raba riba idan an samu. Irin wannan saƙo idan ya yi yawa yana koya wa masu kod cewa fitowa fili na jawo musu masu neman aikin banza, sai su ƙara ɓuya. Ka wajabta wa mai neman abokin aiki ya faɗi abin da shi zai yi da hannunsa, da tsawon lokacin aikin, da ko akwai biya ko babu.

Mataki na tara: ka rubuta suna, ka rubuta abin da mai sunan ya yi

A yi yarjejeniyar jerin sunaye tun ranar da ƙungiya ta haɗu, kafin gajiya da saɓani su shigo. Kowa ya faɗi sunan da yake so a rubuta, na gaskiya ko na laƙabi, domin akwai waɗanda, musamman mata da ke gudun tsangwama a intanet, suka fi son laƙabi, kuma wannan haƙƙinsu ne. Kada a tsaya ga rubuta “kod” a gaban sunaye uku. A rubuta wanda ya yi motsin ɗan wasa, da wanda ya yi tunanin maƙiya, da wanda ya yi tsarin adanawa da fitar da wasan a Android. Wanda ya bar aikin a tsakiya ma a sa sunansa kan abin da ya yi. Ƙungiyar masu ƙera wasanni ta duniya, IGDA, ta fitar da jagora kan wannan batu saboda yawan cire sunayen waɗanda suka tafi kafin wasa ya fito. A itch.io mai shafin wasa na iya ƙara abokan aikinsa ya kuma sa sunayensu su bayyana a matsayin masu wasan, ta yadda zai fito a shafin kowannensu. A GitHub kuwa, idan mutum biyu suka zauna suka warware matsala tare, ana ƙara layin Co-authored-by a ƙarshen bayanin gyaran domin a lissafa su duka. Duk lokacin da aka fitar da sabon zubi, sanarwar ta ambaci wanda ya yi kowane gyara, kamar yadda masu Godot ke yi a rahotanninsu.

Mataki na goma: ka yi hattara da kyauta, sannan ka sake ƙidaya

Za ka ji sha'awar sa kyauta ga wanda ya fi yawan saƙonni ko yawan gyare-gyare. Ka tuna abin da ya faru da Hacktoberfest, shirin ƙarfafa mutane su tura gyare-gyare ga buɗaɗɗun ayyukan kod, a watan Oktoban 2020, lokacin da alƙawarin riga ga duk wanda ya tura gyara huɗu ya jawo ambaliyar gyare-gyaren wofi, irin su ƙara kalma guda a takardar bayani, har masu kula da ayyuka suka yi ta kuka, kuma dole masu shirin suka sauya doka cikin 'yan kwanaki ta yadda sai aikin da ya nemi shiga ne kawai za a lissafa. Duk abin da ka ce za ka ƙirga ka biya, shi za a kawo maka da yawa. Idan akwai abin bayarwa, ko kuɗin data ne ko littafi, a ba wanda mutanen zauren suka zaɓa saboda wani takamaiman bayani ko taimako, a kuma faɗi dalilin a fili.

Bayan wata uku ka koma ga takardarka ta farko ka sake ƙidayar da ka yi, da rabe-raben nan guda huɗu. Abin da za ka fi dubawa shi ne yawan sababbin sunayen da suka nuna aiki, da yawan tambayoyin da suka kwana ba amsa, da ko waɗanda suka turo gyaran farko sun dawo da na biyu. Idan ka tarar mutum ukun nan na farko ne har yanzu ke ɗauke da ranar Laraba, to ka koma mataki na huɗu da sababbin sunaye biyar, ka kuma miƙa buɗe ranar ga ɗaya daga cikin waɗanda suka shigo daga baya, kowane wata a sauya hannu.